Labarin Bani Isra'ila da Zancen Rumbunmu

Jawabin da wani malamin lakwal, ɗan ƙungiya, ya yi a taron shekara. Mun buga shi don ƴan'uwa na nesa da ba su samu halarta ba.

Muna gaida maigari, muna gaida liman da na'ibinsa, muna gaida dattawa iyayenmu maza da mata. Ƴan'uwa da suka taso daga Yamai da Doso, da na Kwatano da Faraku da Legas, muna yi muku sannu da hanya, Allah ya huce gajiya.

Shugabannin ƙungiya sun ba mu ɗan lokaci mu yi magana kafin a shiga zancen rumbu, wanda shi ne babban abin da ya tara mu yau. Mu dai malaman lakwal ne, aikinmu alli da allo da yara. Fassarar Alƙur'ani tana da masu ita, ga su nan zaune a sahun gaba. Abin da za mu kawo tarihi ne wanda kowa ya sha ji a wurin tafsirin azumi, mu dai za mu jera shi ne kusa da namu tarihin, a duba.

Duk wanda ya zauna tafsiri daga farkon azumi zuwa ƙarshensa ya san babu al'ummar da aka yi ta maimaita labarinta kamar Bani Isra'ila, watau zuriyar Annabi Yaƙubu. Sunan Annabi Musa kaɗai ya zo fiye da sau 130 cikin Alƙur'ani, babu annabin da aka ambata kamarsa. Ga shi a Baƙara, ga shi a A'arafi, ga shi a Ɗaha da Ƙasasi da Ma'ida. Amma ku lura da yadda muke sauraro. Mai jan baƙi na ja, malam na fassarawa, mu kuwa muna kaɗa kai muna cewa, kai, waɗannan mutane da taurin kai suke! Sa'an nan mu kakkaɓe buzu mu koma gida da jin daɗin mu ba haka muke ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen nan fa cikin gidajensu ake haihuwar annabawa, kuma sun ga teku ta tsage da idonsu. In irinsu sun yi tuntuɓe, mu da ba mu taɓa ganin ko rafi ya tsage ba, me zai tsare mu? Ayar ƙarshe ta surar Yusufu ta nuna an kawo labarun nan don masu hankali su ɗauki darasi. Ba a kawo su don a sami abin zagin jikokin kowa ba.

A makarantar horon malamai da Faransanci aka koya mana kome, har sunan ciwon da ke cin garuruwanmu, exode rural, watau yadda ƙauye ke tsiyayewa cikin birni. To, kalmar nan Exode ita ce sunan littafi na biyu na Attaura a Faransanci, wanda Kiristoci masu jin Hausa ke kira Littafin Fitowa, maƙwabtanmu na ƙetaren kogi ma suna karanta shi a cocinsu. Sai dai in an duba da kyau, an ba tafiyarmu sunan da ba nata ba. Fitowar Annabi Musa fita ce daga ƙasar mutane. Tamu tafiyar ta fi kama da ta farko, wadda ɗiyan Yaƙubu suka yi sa'ad da fari ya kama ƙasar Kan'ana, suka ɗaura wa raƙuma suka gangara Masar awon hatsi. Ba su tafi da niyyar zama ba. Kowannensu kayan raƙumi guda ya je nema ya komo. Haka kakanninmu suka fara zuwa Kumasi da Akra, a ƙafa, da alkawarin za su dawo kafin shuka.

Daga awon hatsi aka koma ƙaura. Attaura ta ce su 70 ne suka shiga Masar, ɗan'uwansu Yusufu yana riƙe da taskokin ƙasa, aka karɓe su hannu biyu, aka ba su wuri mai kyau. Ta kuma ce zamansu can ya kai shekara 430. A cikin wannan dogon zama aka haifi waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Masar, kamar yadda muke da ɗiya a zangon Kumasi da ba su taɓa ganin giginyar Dallol Mawri ba. Sa'an nan sarauta ta juya. Wanda ya hau bai ɗauki alherin Yusufu a bakin kome ba, ya dubi baƙin nan ya ga sun yi yawa, ya tsorata da su, ya sa su aikin bauta, har ya kai ga yanka jariransu maza. Su ba su sake hali ba. Mai gari ne ya sake.

Wannan kam ba sai an fassara mana ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, mutane suka bar rumfunan kasuwa da gonakin koko suka hau manyan motoci da abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, ita ma mako biyu ta bayar, aka ƙiyasta wajen mutum miliyan biyu suka fita, mafi yawansu ƴan Gana, watau mutanen ƙasar da ta yi kora shekara 13 kafin nan. Yaƙin Kodibuwa na 2002 ya koro namu, yaƙin Libiya na 2011 ya koro wasu. Kowane karo ƙauyen nan da aka bari ne ya shimfiɗa tabarma ya ɗora tukunya.

Kada kuma mu ɗauka kullum mu ne Bani Isra'ila a cikin labarin. A ƙarshen 1963, da rigimar tsibirin Lete ta yi zafi tsakanin Nijar da Dahome, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome, cikinsu da akawuna da malaman lakwal da ma'aikatan asibiti da suka yi shekaru suna wa ƙasar nan aiki. Hanyarsu ta komawa gida ta nan Gaya ta bi, ta kan gadar da aka gina a 1958. Tsibirin da aka yi dominsa kuwa sai ran 12 ga Yuli 2005 kotun duniya da ke Hag ta yanke shari'arsa, ta ba Nijar. Da aka fid da Bani Isra'ila daga bauta, ɗaya daga cikin dokokin da Attaura ta yi ta nanata musu ita ce kada su cuci baƙo, tun da su ma sun ɗanɗana baƙunci. Gaya gari ne na mahaɗa, Dendawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa duk kasuwa ɗaya suke ci. Wanda aka taɓa kora da dare ya kamata ya fi kowa sanin yadda ake amsa sallamar baƙo.

Yanzu mu koma ga Yusufu, don a wurinsa zancen rumbu yake. Sarkin Masar ya yi mafarki, shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba, ga zangarniya bakwai ɗanyu ga waɗansu busassu. Fadawa suka ce ruɗanin barci ne. Yusufu yana kurkuku aka kai masa, bai tsaya ga fassara kaɗai ba, ya ba da tsarin aiki. Ya ce a yi noma shekara bakwai ba fashi, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai ɗan wanda za a ci, domin shekara bakwai na tsanani suna tafe da za su cinye tanadin.

Ku tsaya a kan wannan kalma ta zangarniya, iyayenmu, don ku kun fi mu saninta. Geron da aka ɗaure dami aka jera a rumbu yana shekara biyu, uku, ba abin da ya same shi in rumbun ba ya yoyo. Ƙaiƙayi na kāre tsabar, iska na ratsa damman, ƙwari ba su samun shiga yadda suke so. Wanda aka sussuke aka ɗura a buhu aka jibge a mangaza, kafin damina ta zagayo ka buɗe ka tarar gari ya fara taruwa a gindin buhu. Akwai kuma wata hikimar da ba ta ƙwari ba. Buhu, yaro ɗaya da kabu-kabu ya isa ya ɗauke shi da dare, kafin asuba yana Kamba. Dami kuwa sai an fid da shi, sai an kira mata, sai turmi ya yi ƙara duk unguwa ta ji. Hatsin da ke cikin zangarniya yana da wuyar sata, yana kuma da wuyar sayarwa cikin gaggawa ranar da kwaɗayin sabon babur ya taso wa mai gida. Da Yusufu ya nemi a ba shi riƙon taskokin, abu biyu ya faɗa game da kansa, riƙon amana da sanin aiki. In an zo zaɓen masu riƙe mabuɗi a tuna da su biyun. Mutumin kirki da bai iya lissafi ba zai ɓatar da hatsi kamar yadda gwanin lissafi marar tsoron Allah zai ɓatar.

Mu nan Allah ya yi mana gata. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara ta kirki. Ga kogi, ga fadamun shinkafa, ga rake da rogo da dankali a dallol, ga muruci, ga gishirin Foga. Watakila wannan gatan ne ya sa muke sakaci. Da kaka, sa'ad da tiya ta fi araha, lokacin muke kwashe hatsi mu kai wa ƴan kasuwa, ya ƙetare zuwa Malanbil ko Kamba. A watan Yuli da Agusta, ana tsakiyar noma, rumbu ya yi fayau, sai mu sayi irin hatsin nan da tsada ko mu ci bashinsa. Shanu ramammu ba su jiran shekara bakwai a wurinmu, kowace damina sai sun leƙo.

Manyan kuma sun zo, kun gan su. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar 1931 da fāra ta jawo a yammacin ƙasar nan. Turawa sun tilasta wa ƙauyuka rumbun tsimi, mutane suka ƙi jininsa don da bulala aka cika shi, kuma mabuɗin ba a hannunsu yake ba. An kafa OPVN a 1970 don ta riƙe wa ƙasa cimaka, amma da farin 1973 ya zo, zargin karkatar da hatsin taimako na cikin abin da sojoji suka kafa hujja da shi ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya karɓi mulki. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har mutanen wajen Maradi suka sa wa yunwar suna El Buhari. An sake shiga wahala a 2005. Nijeriya ta sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka datse gada, manyan motoci suka yi layi a Malanbil, kaya da mutane suka koma ƙetarewa cikin jiragen ruwa, kuɗin shinkafa ya tashi a garin da ke kallon gonar shinkafa. Darasin duka ɗaya ne: abin da ke ƙetaren iyaka, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya raba ka da shi.

Mun ji waɗansu na cewa tara hatsi rashin tawakkali ne, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Har suna iya kafa hujja da labarin Bani Isra'ila ɗin, domin Attaura ta ce a cikin hamada an hana su ajiye mannu ya kwana, wanda ya ɓoye sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa. Gaskiya ne. Amma a duba bambancin wuraren biyu. A hamada ba gona, ba hauya, abinci daga sama yake sauka kowace safiya, wanda ya ɓoye ya nuna bai yarda gobe za a sake saukarwa ba. A Masar akwai kogi, akwai gona, akwai damar noma, can kuwa annabi ne da kansa ya ce a yi tanadi. Mu a wane wuri muke? Ranar da gero ya fara sauko mana daga sama sai mu rushe rumbuna.

Zancen mannu ya kawo mu ga abin da ya fi ba mutane dariya a tafsiri. An tsamo su daga bauta, an yi musu inuwa da girgije, ana saukar musu da mannu mai zaƙi da tsuntsun salwa, sai suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya, su dai a nemo musu ganye da gurji da tafarnuwa da adas da albasa. Son albasa ba zunubi ba ne, in ba haka ba da mutanen Galmi sun shiga uku. Laifin shi ne ciki ya tuna da miyar Masar, baya kuwa ya manta da bulalar Masar. Ƴan'uwa matafiya, ku yi mana haƙuri mu faɗa. In kun zo gida kuna ba samari labarin fitilun Kwatano da gadojin Legas, amma ba ku faɗa musu ku nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, ko sau nawa aka kwashe muku tebur, ko yadda ake ɓoyewa in an ga motar masu tambayar takarda. Yaro ya ji rabin labari, ya raina tuwon uwarsa, ya jefar da kayensa na lakwal tun bai iya rubuta wasiƙa ba. Mu da ke kiran suna kowace safiya a aji, mu muke ganin gurbin da ya bari a kan benci. Ba mu ce kada a tafi biɗa ba, da kuɗin biɗa aka rufa masallacin nan. A dai riƙa ba da labarin duka, da miyar da bulalar.

Sai zancen maraƙi. Annabi Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa, dare 30 aka cika da 10, ya bar ɗan'uwansa Haruna a kan jama'a. Kwana 40 kacal. Kafin ya dawo Samiri ya tara kayan adon da suka ɗauko daga Masar, ya narka, ya ƙera musu maraƙi mai kuka, suka kewaye shi. Abin lura, ba daga wani wuri aka kawo musu gunkin ba. Daga cikin kayansu ya fito, daga abin da suka ɗauko a ƙasar baƙunci. Dukiyar da aka sha wuya aka samo tana iya zama rijiya ko aji ko rumbu, tana kuma iya zama abin da ake kewayawa ana wa rawa. Tun da zinariyar Jado da ta Cibarkatan suka ɓullo a 2014, samari nawa suka haura arewa? Wanda ya samu, a me aka narka abin da ya samo? Mun ga bukukuwan da aka yi kwana uku ana liƙi, bayan wata biyu gidan na neman rancen tiya.

Akwai kuma darasi ga waɗanda aka bar wa gida. Da Musa ya dawo ya kama gemun Haruna cikin fushi, uzurin da Haruna ya bayar shi ne mutanen sun rinjaye shi har sun kusa kashe shi, kuma ya ji tsoron a ce ya raba kan jama'a. Ya yi musu gargaɗi, ba su ji ba. Dattawanmu sun san wannan matsayi. Mai kuɗin da ke ciyar da gidan yana nesa, yaran gida sun fi jin maganar wanda ke aiko musu da waya, tsoho in ya tsawata a ce ya cika faɗa, in ya yi shiru a ce ya bari gida ya lalace. Ku da ke nesa, in kun bar wa mutum amana ku bar masa da ikon tsawatawa, kada yaro ya kira ku ku warware abin da baffansa ya ɗaure.

Wani wuri kuma ƙishirwa ta kama su, Musa ya bugi dutse da sandarsa, idon ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila ta san mashayarta. Ruwa guda zai ishe su sha, amma aka raba, don an san halin mutum a bakin rijiya. Namu rabon shi ne burtali da mashaya da makiyaya. An yi dokar ƙasar noma da kiwo a 1993, an kafa kwamitocin filaye, duk da haka kowace shekara sai wani ya ƙara kunya biyu cikin burtali, wani kuma ya saki shanu tun dami na gona. Abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maradi, a watan Oktoba 1991, inda aka kashe fiye da mutum 100, mafi yawansu mata da yara, daga ɓarnar gona ya faro.

Labarin da ya fi kusa da mu mutanen bakin kogi shi ne na masuntan Asabar, yana cikin surar A'arafi. Gari ne a bakin teku, masu tafsiri da yawa sun ce Aila ce, inda Aƙaba take a ƙasar Jodan. An hana su aiki ran Asabar, sai kifi ya riƙa tasowa bisa ruwa a ranar, sauran ranaku ya ɓace. Ba su fito fili sun ce sun ƙi doka ba. Masu tafsiri sun ce ran Juma'a suke kafa tarunsu da ramukansu, kifi ya faɗa ran Asabar, su kwashe ran Lahadi. In ka tambaye su, ai ba wanda ya yi su ran Asabar. Wannan ita ce cutar masu wayo, a kiyaye harafin doka a yanka ranta. Mutum ya san riba haramun ce, sai ya ba manomi buhu ɗaya da damina a kan buhu biyu da kaka, ya ce ciniki ne. Ya san an hana sare giginya ɗanya, sai ya sa mata wuta a gindi, in ta mutu ya ce busasshiya ya tarar, ya fasa azara. Ya san taru mai ƙananan ido yana kwashe har ƴaƴan kifi, sai ya ce ai kogin ba na kowa ba ne. Mutanen garin nan sun kasu uku: masu yi, masu hanawa, da waɗanda suka ce wa masu hanawa me ya dame ku da mutanen da Allah zai hallaka. Da azaba ta zo, Alƙur'ani ya ambaci tsirar masu hanawa, ya ambaci kamun masu yi. Kashi na uku malamai sun yi ta saɓani a kansu. Mu dai ba mu so mu kwana cikin kashin da malamai ke saɓani a kan makomarsa, kuma in za a faɗi gaskiya, a nan yawancinmu muke zaune.

Bayan zamanin Musa suka roƙi a naɗa musu sarki su yi yaƙi. Aka naɗa Ɗalutu, suka ce ina shi ina sarauta, ba shi da dukiya. Da ya fita da runduna sai aka jarraba su da kogi: kada a sha, sai dai wanda ya kamfata sau ɗaya da tafin hannu. Suka kifa kai suka sha, in ban da kaɗan. Hadisi ya nuna waɗanda suka ƙetare tare da shi adadinsu kamar na mutanen Badar ne, 310 da ƴan kai, kuma cikinsu Dawuda ya fito ya kashe Jaluta. Ruwan halal ne, ƙishirwar gaskiya ce, ba wanda zai ce sun yi sata. Abin da aka gwada shi ne ko mutum zai iya tsayawa a bakin abin da ke gudana a gabansa ya ɗauki kamfata ɗaya ya wuce. Duk wanda aka ba asusun ƙungiya, ko rabon hatsin taimako, ko kuɗin da ɗan'uwa ya aiko a gina masa ɗaki, a bakin wannan kogi yake tsaye. Asusu nawa muka ji sun mutu a garuruwan da ke kewaye da mu? Galibi ba ɓarawo ne ya fasa ba. Rance ne aka ɗauka da niyyar mayarwa bayan kasuwa, sa'an nan aka ƙara wani.

Na ƙarshe shi ne saniyar da aka sa wa sura mafi tsawo sunanta. An ce su yanka saniya. Da sun kama kowace suka yanka, da an gama. Sai suka ce shekarunta nawa? Aka faɗa. Wane launi? Aka faɗa. Wace iri dai, shanu sun yi mana kama da juna? Kowace tambaya ta ƙara ƙuntata musu, har da ƙyar suka samu mai siffar, kuma saura kaɗan su ƙi yi. Jama'a, mun san irin wannan tambayar. Ita ce ake yi a taro in ba a son sa hannu cikin aljihu. Rumbun na ƙasa ne ko na zana? A filin wa? In gobara ta tashi fa? In wane bai kawo ba fa? A ɗage sai taro mai zuwa. Su da suka ƙi shiga ƙasar da aka umurce su don tsoron ƙattin da ke ciki, shekara 40 suka yi suna kewaya hamada. Daga yunwar 1984 zuwa 2024 ma shekara 40 ce cif.

Ga abin da kwamiti ya ɗora mana mu gabatar. Da kaka, bayan an fid da zakka, kowane gida ya kawo dami biyu na gero, wanda ba shi da hali ya kawo ɗaya ko ya ba da yinin aiki wajen ginin rumbu. Ƴan'uwa na nesa su aiko da kuɗin dami biyu bisa farashin kaka, a saya nan take tun yana da araha, kada kuɗin ya kwana a asusu. A ajiye shi cikin zangarniyarsa. Kwado uku, mabuɗi uku, ɗaya wurin wanda dattawa suka zaɓa, ɗaya wurin wadda mata suka zaɓa, ɗaya wurin wakilin matafiya, ba a buɗewa sai su ukun suna tsaye. Ba a taɓa shi sai noman farko ya kankama. Mu malaman lakwal mun ɗauki nauyin rubutu, da Boko da Ajami, a karanta kaye a ƙofar masallaci kowace Juma'ar farkon wata, a kuma buga shi cikin wannan takarda don na Kwatano da na Legas su ga inda daminsu ya shiga.

Abu ɗaya ya rage wanda ba mu da hurumin yankewa. Wanda ya ranci dami da damina, dami zai mayar da kaka. Amma rumbu na buƙatar yaɓe da jinka kowace shekara, ɓera ma na cin rabonsa. Waɗansu sun ce a ɗora tiya ɗaya a kan kowane rance, waɗansu sun ce wannan shi ne tarun Juma'a da muka gama zancensa, gara a sa kuɗin gyara dabam a kan kowane gida, mai rance da marar rance. Mun miƙa wannan ga liman, Allah ya gafarta malam, ya yi mana bayani kafin a ɗaga hannu. Bayansa ma'aji zai karanta sunayen gidaje.